Kula da Lafiyar Mafitsarar Yara da Rigakafin Cututtukan Fitsari

Mafitsara wata jaka ce ta tsoka da ke zaune a cikin mara. Aikinta shi ne ta tara fitsarin da ƙoda biyu suke tacewa daga jini, ta riƙe shi har zuwa lokacin da mutum zai sami wurin da ya dace ya zubar. Ƙoda tana turo fitsari dare da rana ta wasu siraran bututu guda biyu, daga mafitsara kuma bututu ɗaya ne yake fitar da shi waje. Da yake hanyar a haɗe take, duk ciwon da ya zauna a mafitsara aka bar shi yana iya hawa sama ya taɓa ƙoda, ita kuwa ƙoda idan ta gaza babu abin da ya rage sai wankin ƙoda ko dashe, waɗanda kuɗinsu ya fi ƙarfin akasarin magidanta.

An tanadi wannan bayani ne domin iyaye, malaman makarantun boko da na allo, masu unguwanni da dagatai, da kuma jami'an lafiya na ƙananan hukumomi. Yawancin matsalolin fitsari da yaran karkara suke fama da su suna da alaƙa da ruwa: ruwan da yaro yake shiga, ruwan da yake sha, da wurin da yake tsugunawa.

Yadda mafitsarar yaro mai lafiya take aiki

Jariri ba ya iya sarrafa mafitsararsa, da zarar ta cika sai ta matse da kanta. Bayan makon farko da haihuwa, jaririn da yake samun isasshen nono yakan jiƙa tsumma ko nafkin sau 6 ko fiye tsakanin dare da rana. Daga shekara 2 zuwa 4 ne akasarin yara suke koyon riƙe fitsari da rana, na dare kuma yakan biyo baya.

Likitoci suna da lissafi mai sauƙi na sanin abin da mafitsarar yaro za ta iya ɗauka. A ƙara ɗaya a kan shekarunsa, sannan a ninka sau 30, abin da ya fito shi ne yawan mililita. Ke nan ɗan shekara 5 mililita 180 ne, ɗan shekara 9 kuma mililita 300, wato bai kai ledar fiya wata guda ba, mai mililita 500. Malamin da ya san wannan ba zai yi mamakin ganin ɗan aji ɗaya yana neman izinin fita tun kafin a tashi tara ba. Yaro ɗan makaranta mai lafiya yakan yi fitsari sau 4 zuwa 7 a yini, babu zafi, babu nishi, kuma launin fitsarin fari-fari ne mai ɗan rawaya.

Tsargiya

A garuruwa da dama, idan yaro namiji ɗan shekara goma ya fara ganin jini a ƙarshen fitsarinsa, ba a cika ɗaukar abin a matsayin ciwo ba. Wasu su ce zafin rana ne, wasu su ce alamar girma ce, tunda kusan duk sa'o'insa suna yi kuma mahaifinsa ma ya yi. Wannan fahimta kuskure ce, kuma ita ce ta fi kowane abu jawo wa mafitsarar yaranmu lahani. Jini a fitsari ba ya daga cikin alamomin balaga ko kaɗan. A yankunan da ke da rafi, tafki, kududdufi ko gonakin noman rani, babban dalilinsa shi ne tsargiya.

Wata 'yar tsutsa ce take haddasa tsargiya. Wani likita Bajamushe mai suna Theodor Bilharz ne ya fara gano ta a birnin Alƙahira a shekarar 1851, shi ya sa a asibiti ake kiran cutar bilharziya. Nijeriya tana sahun gaba a cikin ƙasashen duniya da suka fi yawan masu ɗauke da ita, kuma yara 'yan shekara 5 zuwa 15 ne suka fi kamuwa, domin su ne suka fi daɗewa a cikin ruwa.

Ya kamata a fahimci yadda cutar take zagayawa, domin a nan ne rigakafin yake. Mai tsargiya yana fitar da ƙwayayen tsutsar a cikin fitsarinsa. Idan ya yi fitsarin a cikin ruwa ko a bakinsa, ƙwan yakan ƙyanƙyashe, abin da ya fito kuma ya nemi wata ƙaramar katantanwa ta ruwa ya shige jikinta. A nan yake hayayyafa. Bayan kamar wata guda ko fiye, katantanwar za ta fara sakin dubban 'ya'yan tsutsa waɗanda ido ba ya iya gani, kuma ta fi sakin su da rana tsaka, daidai lokacin da zafi yake kora yara zuwa iyo. Waɗannan 'ya'yan tsutsa suna huda lafiyayyar fata su shiga jiki, ba sai da rauni ba, ba kuma sai yaro ya haɗiyi ruwan ba. Wanka, wanki, kamun kifi, shayar da dabbobi, dashen shinkafa, ko tsallaka rafi da ƙafa, kowane ɗaya ya isa. Alamar farko, idan ma an lura, ita ce ɗan ƙaiƙayi a fata bayan an fito.

Tsutsar tana girma a cikin jini, sannan namiji da tamata su sauka a jijiyoyin da suka kewaye mafitsara, inda sukan rayu shekara 3 zuwa 5, wani lokaci fiye da haka, suna zuba ƙwai kullum. Kowane ƙwai yana da ɗan tsini a ƙarshensa. Waɗanda suka huda bangon mafitsara suka faɗa cikin fitsari su ne suke kawo jinin, wanda ya fi fitowa a ɗigon ƙarshe lokacin da mafitsara take matsewa. Wannan yakan fara ne kimanin mako 10 zuwa 12 bayan shiga ruwan, saboda haka iyaye ba sa haɗa ciwon da wankan da aka yi tun watanni uku da suka wuce.

Abin da ya fi haɗari shi ne ƙwayayen da ba su fita ba. Suna maƙalewa a cikin naman mafitsara, jiki ya yi ta yaƙi da su, wurin ya yi tabo ya yi tauri. A hankali mafitsarar takan ƙanƙance ta daina buɗewa yadda ya kamata, bututun da ke saukowa daga ƙoda ya tsuke, fitsari ya riƙa taruwa a sama har ƙodar ta kumbura. Sau da yawa jinin yakan ragu da kansa idan yaro ya zama saurayi, sai a ce ai ya warke, alhali ɓarnar tana ci gaba a ɓoye. A shekarar 1994 hukumar binciken ciwon daji da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya wannan tsutsa a jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji, wato na mafitsara, wanda yakan bayyana bayan mutum ya manyanta. Tun kafin a kai ga haka, yaron yana fama da ƙarancin jini, kasala, rashin girma yadda ya kamata da rashin mayar da hankali a aji.

'Yan mata ma suna kamuwa, musamman masu zuwa wanki da ɗibar ruwa, sai dai kunya takan hana su faɗa. A wajensu ƙwayayen suna iya zama a al'aura da bakin mahaifa, su jawo ƙaiƙayi, fitar ruwa, zubar jini, daga baya kuma matsalar haihuwa. Ana yawan ɗaukar wannan a matsayin ciwon sanyi, har a zargi yarinya da abin da ba ta aikata ba. Wajibi ne uwa ta riƙa tambayar 'yarta cikin hikima, kada ta jira sai ta gani da idonta.

Manyan madatsun ruwa sun kawo alheri mai yawa ga noman rani. Madatsar Tiga da aka kammala a 1974 ita ke shayar da gonakin Kadawa da Kura, an kammala ta Bakolori kusa da Talatar Mafara a 1978, ta Goronyo kuma a 1984. Amma ruwa mai tafiya a hankali a cikin magudanai masu ciyawa shi ne mazaunin da katantanwa ta fi so, haka ma dausayin Haɗejiya da Nguru inda ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa. Kududdufan da aka haƙa domin ɗibar ƙasar gini a bayan gari su ma suna tara ruwan damina su riƙe shi har cikin rani. Babu wanda zai ce manomi ya bar gonarsa ko masunci ya bar komarsa, sai dai yaro ƙarami ba shi da wata larura ta yin iyo a magudanar ruwa idan an samar masa ruwan wanka a gida.

'Ya'yan tsutsar ba sa wuce kwana biyu a raye idan ba su sami jikin mutum ba. Saboda haka ruwan rafi ko na tafki da aka ɗebo aka ajiye a duro ko randa tsawon kwana biyu cur, babu katantanwa a ciki, ana iya wanka da wanki da shi ba tare da fargabar tsargiya ba. Tafasa ruwa ma yana kashe su. Wannan ajiyar ba ta mayar da ruwan ya zama na sha, domin akwai wasu ƙwayoyin cuta da kwana biyu ba ya kashewa.

Maganin tsargiya da rabonsa

Tsargiya tana da magani mai suna farazikwantel, kuma sau ɗaya ake shan sa. Ana auna shi ne da nauyin yaro, miligiram 40 ga kowane kilo. A wajen rabon magani na jama'a, inda babu sikeli, akan yi amfani da sandar awon tsawo: yaron da ya kai santimita 94 ƙwaya ɗaya, adadin yana ƙaruwa har zuwa ƙwaya biyar ga wanda ya kai santimita 178. Cibiyar Carter ta fara tallafa wa irin wannan rabo a jihohin Filato da Nasarawa a shekarar 1999, kamfanin Merck kuma ya fara bayar da maganin kyauta ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya a 2007. A shekarar 2022 Hukumar ta ba da shawarar cewa a garin da mutum 10 cikin 100 ko fiye suke ɗauke da cutar, a riƙa ba kowa magani sau ɗaya a shekara tun daga ɗan shekara 2, har da manya. A ƙarshen 2023 kuma hukumar kula da magunguna ta Tarayyar Turai ta yi na'am da wani sabon samfuri mai narkewa da aka yi musamman domin ƙananan yara waɗanda ba sa iya haɗiye babbar ƙwaya mai ɗaci.

Abin lura a nan shi ne kada a ba yaro wannan magani da yunwa. Wanda ya sha ba tare da ya karya ba yakan yi jiri, ciwon ciki ko amai, musamman idan tsutsar ta yi masa yawa. Wannan yana wucewa cikin 'yan sa'o'i, amma yara uku ko huɗu da suka yi amai a harabar makaranta sun isa su sa gari guda ya ƙi maganin a shekara mai zuwa. Don haka ya zama dole dagaci ko mai unguwa ya sa a yi shela tun ana gobe, kowane yaro ya sha koko ko ya ci ɗumame kafin ya fito.

Har ila yau, rabon da aka taƙaita ga makarantun firamare yana tsallake yaran da suka fi kowa shiga ruwa, wato almajiran tsangaya da ke wanka da wanki a kududdufi, 'ya'yan makiyaya, 'ya'yan masunta da 'yan mata masu talla. Idan aka bar waɗannan, ƙwan tsutsa zai ci gaba da komawa ruwa, waɗanda aka yi wa magani su sake ɗauka, domin maganin yana kashe tsutsar da ke jiki ne kawai, ba ya hana sabon kamu. Sashen lafiya na ƙaramar hukuma shi ya fi dacewa ya zauna da alarammomi da arɗo-arɗo a tsara ranarsu.

Ruwan sha, makewayi da riƙe fitsari

Yaro ɗan shekara 4 zuwa 8 yana buƙatar abin sha lita 1 zuwa kusan lita ɗaya da rabi a yini, kwatankwacin ledar fiya wata biyu zuwa uku. Wanda ya haura haka yana buƙatar lita ɗaya da rabi zuwa biyu, a lokacin bazara kuma fiye da haka. Ba sai an auna ba, launin fitsari ya isa shaida. Idan ya yi duhu kamar ruwan shayi mara madara kuma yana da ƙarfin wari, yaron bai sha ruwa isasshe ba. Fitsari mai kauri yana fusata mafitsara, kuma a yankuna masu zafi inda abincin yara bai wuce hatsi ba, yana taimakawa wajen haɗuwar tsakuwa a cikinta. Jaririn da bai kai wata 6 ba shi kam nonon uwa ya ishe shi, ko da a tsakiyar bazara ne.

Yara da yawa, musamman mata, suna ƙin shan ruwa da safe da gangan domin makarantarsu ba ta da makewayi, ko kuma wanda ke akwai ba shi da ƙofa ba shi da ruwa. Yarinyar da ta riƙe fitsari daga ƙarfe bakwai zuwa ƙarfe ɗaya kullum tana ba ƙwayoyin cuta lokacin hayayyafa, kuma mafitsararta tana sabawa da rashin juyewa gaba ɗaya. Namijin kuma sai ya zagaya bayan aji ko bakin kududdufi, wanda ya mayar da mu kan batun tsargiya. Makewayi mai ƙofa, na mata daban na maza daban, da buta da ruwa, aikin lafiya ne kamar ginin ɗakin shan magani, kuma ya kamata duba-gari su riƙa leƙa shi kamar yadda suke leƙa mahauta.

Taurin bayan gida ma yana da hannu, ko da yake ba a cika lura da shi ba. Ƙarshen hanji yana jingine da bayan mafitsara, idan ya cika da busasshen kashi sai ya danne ta, yaro ya riƙa jin fitsari a kai a kai ko ya riƙa ɗiga a wando. Ruwa, wake, zogale, rama, alayyafo, kuɓewa, gwanda da mangwaro suna sassauta ciki.

Ciwon sanyin mafitsara

Ƙwayoyin cutar da suka fi kawo wannan ciwo daga bayan gida suke fitowa. 'Yan mata sun fi kamuwa saboda bututun fitsarinsu gajere ne kuma yana kusa da dubura. Saboda haka a koya wa yarinya tun tana ƙarama cewa wajen tsarki gaba ake fara wankewa sannan baya, hannun da ya taɓa baya kuma ba ya komawa gaba. A riƙa sauya wa jariri tsumma da zarar ya ɓaci. A cikin jarirai maza, waɗanda aka yi wa kaciya ba su cika kamuwa ba kamar waɗanda ba a yi wa ba.

Babban yaro zai iya cewa yana jin zafi ko raɗaɗi wajen fitsari, ko mararsa tana ciwo. Jariri kuwa ba shi da wata alama sai zazzaɓi, ƙin nono, amai da kuka. A nan ne ake yawan kuskure, domin kowane zazzaɓi an saba ɗaukarsa na cizon sauro. Idan an yi gwajin jini bai nuna zazzaɓin cizon sauro ba, ko an sha maganin kwana uku zazzaɓi bai sauka ba, a nemi a gwada fitsari. Ciwon da ya hau zuwa ƙoda a ƙuruciya yana barin tabo da kan jawo hawan jini daga baya. Kafso biyu ko uku da aka saya a hannun mai tallan magani a kasuwa suna kwantar da zafin ne kawai, su bar ƙwayoyin da suka fi taurin kai.

Fitsarin kwance

Kimanin yara 15 cikin 100 masu shekara 5 suna fitsarin kwance, kuma kowace shekara wani kaso yana dainawa da kansa, ta yadda a shekara 15 bai wuce ɗaya ko biyu cikin 100 ba. Abin yana bin jini. Sau da yawa idan aka bincika za a tarar mahaifi, mahaifiya ko kawu ya yi a lokacinsa. Dalilansa su ne nauyin barci, yawan fitsarin da jiki yake haɗawa da dare, da ƙarancin abin da mafitsara take iya ɗauka. Yaron ba da gangan yake yi ba, don haka duka, ko ɗora masa jiƙaƙƙiyar tabarma yara su bi shi suna kiransa amalala, ba ya ƙara masa komai sai tsoro da ƙasƙanci. Abin da ke taimakawa shi ne ya sha yawancin ruwansa da safe da rana, a rage kunu, shayi da lemon kwalba bayan magariba, ya yi fitsari kafin ya kwanta, a ajiye masa fo ko fitila kusa idan yana tsoron fita cikin duhu, a kuma magance taurin bayan gida. Idan ya kai shekara 7 abin bai ragu ba, akwai taimakon da likita zai iya bayarwa.

Yaron da ya daina har tsawon wata 6 sannan ya dawo yana yi, shi kam a kai shi asibiti, domin yana iya zama ciwon sanyi, tsargiya, wata damuwa da ke cin ransa, ko ciwon sukari, musamman idan yana yawan jin ƙishirwa yana ramewa. Masu cutar sikila ma sun fi sauran yara daɗewa suna fitsarin kwance saboda ƙodarsu ba ta iya rage ruwan fitsari da dare, kuma su ba a rage musu ruwan sha ko kaɗan, domin ƙarancin ruwa yana tayar musu da ciwo.

Lokacin da ba a jira

A gaggauta zuwa asibiti idan jaririn da bai kai wata 3 ba ya yi zazzaɓi, idan yaro ya yini bai yi fitsari ba, ko mararsa ta kumbura yana nishi fitsari ya ƙi fita. Haka nan idan fuska da ƙafafu sun kumbura, fitsari ya ragu ya yi duhu, musamman bayan ciwon maƙogwaro ko ƙurajen ƙazuwa. Jariri namiji da fitsarinsa ba ya tsartuwa, sai dai ya riƙa ɗiga yana yunƙuri, mai yiwuwa an haife shi da wata 'yar fata da ta toshe bututun, kuma aiki ƙarami da wuri yana ceton ƙodarsa. Yaron da fitsari yake yanke masa a tsakiya yana kuka yana jan gabansa, a duba ko tsakuwa ce. Bayan kaciya kuma a lura ko fitsari ya koma siriri kamar zare ko yana fita ta wata kafa daban.

Idan yarinya tana fama da wahalar fitsari, kada a kai ta a yi mata yankan gishiri. Askar tana iya huda bututun fitsari ko mafitsarar kanta, yarinyar ta kamu da yoyon fitsari, wanda sai an yi aiki a cibiyoyi irin ta Babbar Ruga da ke Katsina kafin a gyara.

Wanda zai kai yaro gwajin tsargiya ya sani cewa ƙwan tsutsar ya fi fitowa tsakanin ƙarfe 10 na safe da ƙarfe 2 na rana, don haka a wannan lokaci ne ya fi dacewa a ɗebi fitsarin, a haɗa har da ɗigon ƙarshe. Na gwajin ciwon sanyi kuwa na tsakiya ake tara, bayan an yi wa yaro tsarki, a cikin kwalbar da asibiti ya bayar, a kuma miƙa shi ɗakin gwaji kafin sa'a biyu su wuce.